Tsibin yashi, guguwar rana da hazon Kaduna: me ya haɗa su?

Duk lokacin da aka ji a labarai cewa rana ta yi aman wuta ko wata guguwar rana na tafe, kafin yamma saƙonni sun cika wayoyin mutane a Kaduna, wani ya ce shi ya sa ake wannan zafin, wani ya ce shi ya sa netwok ya ƙi, wani ma ya haɗa da ɗauke wutar NEPA da hazon da ya rufe gari duk a tukunya ɗaya. To akwai inda maganar ta taɓa gaskiya akwai kuma inda ta kauce sosai. Wasu masana kimiyya suna ganin wata kama tsakanin fashewar da ake yi a jikin rana da ranakun da iska ke lalacewa a birane, amma ba wai ɗaya ne ke jawo ɗaya ba, salon yadda suke faruwa ne ya zo ɗaya, kuma abin da suka yi amfani da shi wajen fahimtar salon nan shi ne tsibin yashi, irin dai wanda tifa ke juyewa a ƙofar gidan da ake gini a Rigasa ko Mando.

Mene ne wannan lissafin tsibin yashin

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da lebura yana tara yashi da shebur ya ga abin da idonsa. Da farko duk abin da aka zuba zama yake yi, tsibin na ta tashi, har ya kai wani tsayi da gangarensa ba ya ƙara miƙewa, a busasshen yashi wajen digiri 30 zuwa 35 ne. Daga nan fa komai ya canza. Shebur ɗaya sai ka ga 'yan ƙwayoyi sun gangaro kawai, na biyu shiru, na uku kuma sai gefe guda gaba ɗaya ya zaftare har ya binne maka takalmi, alhali sheburin na uku bai fi na farko nauyi ba.

A shekarar 1987 wasu masana fiziks su uku a cibiyar bincike ta Brookhaven da ke jihar New York a Amurka, wato Per Bak ɗan ƙasar Denmak da Chao Tang da Kurt Wiesenfeld, suka mayar da wannan abin lissafi a kwamfuta. Ka ɗauka kamar gurabun dara ne da aka haƙa a ƙasa amma masu yawan gaske. Ana jefa tsakuwa ɗaya ɗaya a duk gurbin da ta faɗa. Doka ɗaya ce kawai, duk gurbin da ya tara huɗu sai ya zubar da su, ɗaya gabas ɗaya yamma ɗaya kudu ɗaya arewa, idan maƙwabcin da ma yana da uku to shi ma ya cika kenan sai ya zubar wa nasa maƙwabtan, haka abin zai yi ta yaɗuwa har ya tsaya da kansa, waɗanda suka kai bakin fili kuma su faɗa waje.

Abin da suka gano shi ne ba sai wani ya saita komai ba, tarin da kansa yake kai kansa bakin gaɓa, inda tsakuwa ɗaya za ta iya motsa gurbi ɗaya ko ta motsa dubu. Sai suka raɗa wa yanayin suna da ke nufin tsarin da ke kai kansa gab da rushewa ya kuma zauna a wurin. Da suka ƙirga zaftarewar sai suka ga ƙanana ba su ƙirguwa, matsakaita kaɗan, manya kuma jefi jefi, kuma raguwar tana bin wani tsari tsayayye, babu wani girma da za ka nuna ka ce ga girman da aka saba. Tsayin mutane misali yana da abin da aka saba, ba za ka taɓa haɗuwa da mai tsayin mita goma a Kasuwar Barci ba. Zaftarewar yashi ba haka take ba, wadda ta ninka ta jiya sau ɗari tana nan cikin lissafi. A 1990 wani masani ɗan Indiya Deepak Dhar ya nuna cewa ko ta wane gurbi ka fara zubarwar sakamakon ƙarshe ɗaya ne, wannan ya sa masu lissafi suka samu damar warware abin da alƙalami ba sai kwamfuta kaɗai ba.

Da ma tun 1944 Gutenberg da Richter sun ga irin wannan a girgizar ƙasa, duk mataki ɗaya da ka hau a ma'aunin ƙarfi yawan girgizar na raguwa kusan sau goma. Abin da ya rage shi ne dalili, su Bak kuma suka ce ga dalili, ana tara nauyi a hankali a hankali, ana sauke shi farat ɗaya.

Yadda maganar ta kai ga rana

Rana tana da nisan kilomita kusan miliyan 150 daga gare mu, kuma ba dunƙulen dutse ba ce, iskar gas ce mai tsananin zafi mai ɗauke da cajin lantarki, ƙugunta na juyawa da sauri fiye da ƙarshenta na arewa da na kudu. Wannan bambancin juyawar ke murɗe igiyoyin maganaɗisunta kamar yadda ake murɗa tsumma a matse shi. Inda murɗewar ta yi yawa sai baƙin tabo ya fito a fuskar rana, idan igiyoyin suka tsinke suka sake haɗewa sai ƙarfin da aka tara ya fita lokaci guda, shi ne tartsatsin rana. Haskensa na iso mu cikin minti takwas da 'yan daƙiƙu. Wani lokacin kuma har da wani ƙaton curi na gas da rana ke wurgowa, shi yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku a hanya, kuma shi ne ke girgiza maganaɗisun duniya, abin da 'yan jarida ke kira guguwar rana.

Yawan tabon na hawa da sauka duk bayan shekara 11 ko kusa da haka, wani Bajamushe Heinrich Schwabe ne ya fara bayyana hakan a 1843 bayan ya shafe shekaru yana leƙen rana kullum. Zagayen da ake lissafa shi na 25 ya fara a Disamba 2019, a Oktoba 2024 kuma hukumomin NASA da NOAA na Amurka suka sanar cewa ya kai ganiyarsa.

Ana raba tartsatsin aji aji, A, B, C, M, X, kowane aji ya ninka na ƙasa da shi sau goma a ƙarfi. Idan ka ƙirga na zagaye guda za ka ga 'yan ajin C dubbai ne, 'yan M kusan kashi ɗaya cikin goma na wannan, 'yan X kuma sun sake raguwa kamar haka. Salon tsibin yashi kenan sak. Shi ya sa a 1991 Edward Lu da Russell Hamilton suka ɗauko lissafin su Bak suka ɗora a kan maganaɗisun rana, suka ce babban tartsatsi ba wata halitta ce daban ba, ƙananan tsinkewa ne da suka kama juna suka yi ta yaɗuwa kamar gurabun darar nan. Shi Lu ɗin daga baya ma ya zama ɗan sama jannati.

Manyan sun faru kuma an rubuta su. A farkon Satumba 1859 Richard Carrington a Ingila ya ga wani haske ya tashi a jikin tabon rana, kafin a kwana biyu wayoyin tangaraho sun rikice a Turai da Amurka har wasu suna tartsatsi a hannun ma'aikata. Ranar 13 ga Maris 1989 guguwar rana ta kashe wutar lardin Kwibek na Kanada, mutum kusan miliyan shida suka zauna a duhu na wajen awa tara. A ƙarshen 2003 an yi wasu a jere da suka lalata manyan taransifoma a Afirka ta Kudu, kuma na ranar 4 ga Nuwamba na shekarar ya fi ƙarfin na'urar da ke auna shi, ta cika ta tsaya, sai daga baya aka yi ƙiyasi. A Fabrairu 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49, kusan 40 suka faɗo saboda wata guguwa da ba ta ma kai babba ba ta kumbura iskar can sama ta riƙe su. Sai ta 10 da 11 ga Mayu 2024 wadda ta kai matakin ƙoli na G5, karo na farko tun 2003, manoma a Amurka da taraktocinsu ke bin GPS suka tsaya cak ana tsakiyar shuka.

Me ya shafi ɗan Kaduna a ciki

A fara da abin da bai shafa ba. Zafin Maris da Afrilu ba daga tartsatsin rana yake ba, duka bambancin hasken da rana ke aiko mana tsakanin lokacin lafawarta da lokacin ganiyarta bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ba, iskar da ke kewaye da duniya kuma tana tare hasken mai cutarwa na tartsatsin tun daga can sama. Don haka saƙon da ke cewa kar a fita rana gobe saboda guguwa, ko a kashe waya da daddare, ba shi da tushe. Faifan sola da ke kan rufi ma ƙurar hunturu ta fi rage masa ƙarfi nesa ba kusa ba. Faɗuwar babban layin wutar ƙasa da aka sha gani kuwa dalilanta a ƙasa suke, ƙarancin gas da tsufan kayan aiki da lalata turakun wuta, duk da cewa masu bincike a Amurka da suka duba tarihin ɗauke wuta a can sun ga shi ma yana bin salon nan, layi ɗaya ya faɗi ya jibga wa na kusa nauyi shi ma ya faɗi.

Inda ya shafe mu shi ne sama. Akwai wani layi da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu, ba daidai yake da layin ikwaita na taswira ba, a Afirka ta Yamma ya hauro arewa ya ratsa Najeriya bai yi nisa da Kaduna ba. A ƙasashen da ke kusa da layin nan, bayan faɗuwar rana iskar can sama mai cajin lantarki takan yi wasu kumfa kumfa da ke sa siginar tauraron ɗan'adam rawa, kuma abin ya fi tsanani a shekarun da rana ke ganiyarta. Wanda ke jin wannan a aikinsa shi ne safiyo mai auna fili da GPS, da jiragen sama, da masu rediyo mai gajeren zango, wanda ya saba kama tashoshin waje da safe ma zai iya jin murya ta ɓace na wani lokaci idan babban tartsatsi ya tashi bayan rana ta fito. Netwok na wayar hannu kuwa akasarinsa ta hasumiya da wayar ƙarƙashin ƙasa yake bi, idan ya ƙi a Tudun Wada to a nemi dalili kusa. Hukumar sararin samaniya ta ƙasa NASRDA da aka kafa a 1999 tana da cibiyar binciken sararin sama a Anyigba ta jihar Kogi, kuma irin wannan bibiyar na cikin aikinta.

Iskar da muke shaƙa da yadda ake auna ta

Nan ne maganar ta fi kusa da jiki. Abin da masu auna iska suka fi damuwa da shi su ne ƙananan ƙwayoyin da ke yawo a cikinta. Waɗanda faɗinsu bai wuce maikiromita 10 ba ana ce musu PM10, waɗanda ba su wuce 2.5 ba kuma PM2.5, silin gashin kai ɗaya ya ninka irin waɗannan kusan sau 30 a kauri. Manyan hanci da maƙogwaro na tare wasu, ƙananan su ne ke wucewa can cikin huhu har su shiga jini, shi ya sa ba asma da tari kaɗai ake danganta su da su ba har da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatar iska ta waje da ta cikin gida na jawo mutuwar mutum kusan miliyan 7 a shekara, kuma a 2021 ta ƙara tsaurara ma'auninta, matsakaicin PM2.5 na shekara kar ya wuce maikirogiram 5 a kowace mita ɗaya ta iska tsawo da faɗi da tsayi, a da 10 ne, na yini guda kuma kar ya wuce 15.

A Kaduna tushen abin biyu ne. Akwai na nesa, ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, tsohon gindin tafki ne da ya bushe kuma yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, daga Nuwamba zuwa Maris take zuwa. Akwai kuma namu na gida, hayaƙin Keke da tsofaffin motoci a Kawo, janareta a kowane shago, icce da gawayi a madafa, ƙona bola, ƙona taya, ƙona daji bayan girbi. Da magariba a lokacin sanyi idan ka tsaya a wuri mai ɗan tudu za ka ga hayaƙin ya kwanta a kan unguwa kamar an shimfiɗa mayafi, ba ya tashi, saboda iskar ƙasa ta yi sanyi ta ɗumi ta danne ta daga sama kamar murfin tukunya. Irin wannan murfin ne ya rufe Landan a Disamba 1952 na kwana biyar, aka fara ƙirga mutum 4,000 da suka rasu daga baya ƙiyasi ya kai har 12,000.

Hanyoyin awon uku ne kuma kowacce da aibinta. Na'urar asali tana zuƙar iska ta cikin wata 'yar matata a auna nauyin abin da ya maƙale, ita ce abin dogaro amma tana da tsada, tana son wuta ba yankewa da ƙwararren mai kula. Sai ƙananan na'urori masu araha da ake maƙalawa a bango, su haske suke haskawa a cikin iska su ƙiyasta ƙwayoyin daga yadda hasken ya warwatse, da damina laima na sa su ƙara lamba, da hunturu kuma sukan rage saboda ba su iya ganin manyan ƙwayoyin ƙura sosai, wato a daidai lokacin da muka fi bukatarsu. Ta uku tauraron ɗan'adam, yana ganin ko'ina amma abin da yake aunawa shi ne yadda ƙura ta dusashe haske tun daga sama har ƙasa, ba abin da ke daidai hancin mai tallan rake a bakin titi ba. Lambar da manhajar waya ke nuna maka ta ce iskar Kaduna kaza ce yau, a garuruwan da ba su da na'ura a ƙasa yawanci ƙiyasi ne daga tauraro da kwamfuta. Yana da amfani, amma a san ƙiyasi ne. A ma'aunin Amurka da yawancin manhajojin ke bi, 0 zuwa 50 lafiya lau, 101 zuwa 150 masu rauni su yi hattara, sama da 150 ya shafi kowa, sama da 300 haɗari ne.

To ina yashi ya shigo? Wasu masu bincike, musamman a China, sun duba lambobin gurɓatar iska na birane na shekaru suka ce suna bin salon nan, ranaku masu ɗan datti da yawa, munana ƙwarai kaɗan, hayaƙi na taruwa a hankali har ya kai gaɓa. Ko da mutum bai karɓi duka bayanin ba akwai darasin lissafi a ciki da ba a musu a kansa. A ce a wata guda kwana 27 awo ya nuna 20, kwana uku kuma ya nuna 300, matsakaicin watan zai fito 48, wanda ya karanta 48 a rahoto ba zai taɓa sanin an yi kwana ukun da suka kai yara da tsofaffi asibiti ba. Wanda kuma ya zo da na'ura ya auna na mako ɗaya ya tafi ya rubuta rahoto, da wuya ya dace da waɗannan kwanakin.

Inda masana suka saɓa

Masu goyon bayan ra'ayin, da shi Bak a gaba lokacin yana raye, suna ganin an samo doka ɗaya da ke bayanin girgizar ƙasa da gobarar daji da tartsatsin rana har da cunkoson motoci, ya ma rubuta littafi a kai a 1996 mai suna How Nature Works. Masu suka kuma suna da hujjoji masu nauyi. Na farko yashin gaske ba ya bin lissafin sosai, da aka gwada a ɗakin bincike sai aka ga yakan taru ne ya zube da yawa lokaci lokaci. A Oslo a 1996 sai aka gwada da shinkafa, doguwar ƙwaya ta bi salon, mai ɗan zagaye ta ƙi, wato abin ya dogara da irin kayan ba dokar kowa da kowa ba ce. Na biyu, a 2009 wasu masana lissafi uku, Clauset da Shalizi da Newman, suka sake duba tarin bayanan da ake cewa suna bin wannan salo suka ga da yawa ba su tsallake gwaji mai tsauri ba. Na uku kuma ko salon ya tabbata ba shi ke nuna dalilin ɗaya ne ba, hanyoyi da dama na iya haifar da zane iri ɗaya.

Idan aka ɗora yashi da rana da iska a sikeli, hujjar ta fi ƙarfi a kan rana, don an shafe shekaru da dama ana ƙirga tartsatsi da na'urori a sararin sama ba tsayawa kuma an san abin da ke taruwa da abin da ke tsinkewa. A kan iska ta fi rauni, saboda ranar mugun hazo a Kaduna sau da yawa iska ce ta taso daga Chadi, ba wani abu ne ya taru a cikin gari ya rushe ba, kuma wannan ana iya hango shi kwana biyu ko uku kafin ya iso, shi ya sa hukumar hasashen yanayi ta NiMet ke iya fitar da gargaɗin ƙura. Tartsatsin rana kuwa iyaka a ce maka yau akwai yiwuwar kashi kaza cikin ɗari, lissafin yashin da kansa yana cewa ba za a san wace ƙwaya ce za ta zaftare gefe ba.

Abin da hakan ke nufi a aikace

Ga hukumomi irin su NESREA da aka kafa a 2007 don kula da dokokin muhalli, da na jiha, abin da binciken ke nunawa shi ne awo na kullum awa bayan awa a wurare da dama ya fi rahoton shekara amfani, kuma tsarin da ya fi dacewa da aljihu shi ne na'urar asali ɗaya ko biyu da za a riƙa daidaita ƙananan da ita, a baza ƙananan a Kakuri da Kawo da Rigasa da Sabon Tasha, don iskar kusa da tasha daban take da ta Unguwar Rimi. Asibitoci ma da za su san ranar da lamba ta haura da sun tanadi maganin shaƙa kafin layi ya yi tsawo.

Ga mutum a gidansa kuma, ranar da ka ga rana ta zama kamar farin faranti ana iya kallonta da ido, ko fitilar mota ta yi zobe da magariba, to ranar ce mai asma da tsoho da jariri za su rage fita, a rufe taga ta ɓangaren iska, a fitar da murhun gawayi daga ɗaki ko da ana ɗari, janareta kuma a nesanta shi da taga. Takunkumin yadi yana tare manyan ƙwayoyin ƙura ne kawai, mai tare ƙananan shi ne irin N95 idan ya zauna daram a fuska. Masu gudun motsa jiki da asuba a lokacin hunturu su sani a lokacin ne murfin nan bai ɗage ba tukuna, hayaƙin daren jiya na nan a ƙasa, sai rana ta ɗan ɗaga wajen hantsi iska ke fara gaurayawa.